Tambaya da Amsa: Fim Yana Kakkatsewa a Kwamfutar Falo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya iyali? Na haɗa kwamfuta da hannuna don kallo a falo, da kayan da na riƙa tsinta ɗaya bayan ɗaya a kasuwa. Firosesa Core 2 Duo E8400 ce, ram 4GB, katin hoto GeForce GT 710 mai 2GB, da Windows 10. Na jona ta da talabijin inci 43 ta wayar HDMI, ina kallo da manhajar VLC. Wasu finafinan suna tafiya sumul. Wasu kuwa, duk da su ma 1080p ne, da an fara sai hoto ya riƙa kakkatsewa, murya ta wuce ta bar bakin mai magana a baya, wani lokaci fuskar talabijin ta dagule ta koma toka-toka. Abin da ya ɗaure min kai, masu cijewar sun fi ƙanƙanta, kuma in na tura su a wayata lafiya lau suke yi. Da rana abin ya fi muni. Wani ya ce in ƙara ram zuwa 8GB, wani ya ce in sayi kati mai 4GB. Wanne zan fara saya?

Daga wani mai karatu a Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna, domin tsakanin ram ɗin da katin da aka ce ka saya babu wanda zai taɓa wannan ciwo. Wasiƙarka ta riga ta nuna inda gizo ke saƙa, a wurin da ka ce ƙananan fayilolin ne ke cijewa kuma waya tana buɗe su ba wahala. Finafinan nan iri biyu ne, ko da yake duk 1080p aka rubuta musu.

Lambar 1080p girman hoto kawai take faɗa maka: ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wato ɗigo miliyan biyu da 'yan kai a hoto guda, kuma irin wannan hoton 24 ko 25 ne ke wucewa a sakan ɗaya. Da za a ajiye fim na awa biyu ɗanyensa, sai ya haura 500GB. Shi ya sa ake matse shi kafin ya iso hannunka, kwamfutarka kuma ta riƙa warware shi a daidai lokacin da kake kallo. Ba ta da damar jinkiri. Hoton da bai fito a kan kari ba, manhajar kallo za ta jefar da shi ta kama na gaba. Aikin murya ba shi da nauyi, ita ba ta tsayawa, shi ya sa magana ke wuce baki. Toka-tokar ma daga nan take. Yawancin hotunan da ke cikin fayil ba cikakku ba ne, bambancinsu da na kusa da su kawai aka ajiye, to in aka tsallake wanda sauran suka dogara da shi, sai fuskar ta dagule har wani cikakken hoto ya iso.

Hanyoyin matsewar suna da yawa, biyu ne suka shafe ka. Akwai H.264, wadda aka kammala tsarinta a 2003, ita ce a jikin yawancin finafinan da suka daɗe suna yawo a hannun mutane. Akwai kuma H.265, da ake kira HEVC, ta 2013, wadda aka ƙirƙira da niyyar ba da kyan hoto iri ɗaya a kusan rabin girma. Masu tura finafinai sun rungume ta saboda data da wurin ajiya, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai ƙanƙantar nan da ladarta, lissafin warware HEVC ya fi nauyi sosai, balle wadda aka yi da launi mai zurfin 10-bit.

A cikin katin hoto akwai wani ɗan sashe da ba ya aikin komai sai warware bidiyo. Kamar injin niƙa yake: abin da aka ƙera shi dominsa nan take zai gama, abin da bai sani ba kuwa dole a koma turmi a daka da hannu. Na cikin GT 710 ya san H.264, ya san MPEG-2 na faifan DVD, bai san HEVC ba. Katin ya bazu a kasuwa a 2016, amma ƙirar cikinsa ta zuriyar Kepler ce, wadda ta riga yaɗuwar HEVC. Duk fim ɗin HEVC da ka kunna, katin a zaune yake, E8400 ce ke ɗaukar aikin ita kaɗai, ita kuwa firosesa ce mai ƙwaƙwalwa biyu da ta fito a 2008, shekara biyar kafin HEVC ta zo duniya. Wayarka, duk da ƙanƙantarta, tana da sashen da ya san HEVC. Iyakar sirrin ke nan.

Ina so ka gani da idonka kafin ka yarda da ni. Kunna ɗaya daga cikin masu cijewar a VLC, ka danna Ctrl da J tare. Wata taga za ta buɗe da layin da aka rubuta Codec. In ka ga HEVC ko H.265, magana ta ƙare. Sau da yawa sunan fayil ɗin ma yana tona kansa, za ka ga x265 ko 10bit a jikinsa, masu lafiyar kuma x264. A wannan tagar akwai shafin Statistics da ke ƙirga hotunan da aka zubar, za ka ga lambar tana hawa a gabanka. Daga nan ka danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager ya buɗe, ka shiga Performance. A kan fim mai cijewa firosesa za ta kai kashi 90 zuwa 100, akwatin Video Decode na katin yana kwance a sifili. Kunna mai lafiya ka sake dubawa, za ka tarar firosesa ta samu sarari, Video Decode kuma ya motsa.

Tunda kana wurin, leƙa Memory. Gaskiya 4GB ta yi wa Windows 10 kaɗan, in ka ƙara za ka ji daɗinta wajen buɗe shafukan intanet, amma kallon fim ba ya cin ram ɗin a zo a gani, kuma ram ba ta warware bidiyo. Haka batun kati mai 4GB. Wannan lambar faɗin ma'ajiyar katin ce, ba ta da alaƙa da irin bidiyon da ya iya. Akwai GT 730 da ake sayarwa da 4GB a rubuce ɓaro-ɓaro a kwali, shi ma bai san HEVC ba, za ka kai shi gida ka tarar da abin da ka bari. Wannan ɗabi'a ta auna kati da yawan GB ta cinye kuɗin mutane da yawa, kuma tana ci min rai, domin galibi wanda ya tara kuɗin da ƙyar ne ke faɗawa.

In ka duba ka ga babu GPU, wato katin hoto, sam a Task Manager, ko finafinan H.264 ma suna kai firosesa maƙura, to akwai wata matsalar a ƙarƙashi. Buɗe Device Manager ka duba Display adapters. In ka ga Microsoft Basic Display Adapter a maimakon sunan katinka, direban katin, wato manhajar da Windows ke sarrafa shi da ita, bai hau ba, kuma ba tare da shi ba sashen warware bidiyo a kulle yake. Na sha karɓar kwamfutar da aka ɗora wa sabon Windows aka miƙa wa mai ita a haka. Sauko da direban daga shafin Nvidia. Sai ka shiga VLC, Tools, Preferences, Input/Codecs, ka tabbatar Hardware-accelerated decoding yana kan Automatic. Tun daga VLC 3.0 na 2018 a kunne yake zuwa, in naka ya girmi haka ka sabunta. Kada kuma ka bari a zuba maka tarin kodek, wato manhajojin warware bidiyo, da sunan magani, VLC da nasa yake tafe, ba ya amfani da su.

Yanzu batun rana. Wannan ba sai an faɗa wa mutumin Gusau ba, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano a watan Afrilu ya san digiri 40. Firosesar da ke aiki kashi 100 a irin wannan ɗaki, da ƙurar hunturu maƙare a ƙarfen sanyayarta, tana kusantar digiri 100 za ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Fim ɗin da take ja da ƙyar da dare, da rana sai ya gagare ta. Sauke Core Temp ko HWMonitor, kyauta ne, ka kunna fim na minti 15 ka duba. In ta haura 85, cire wuta, buɗe akwatin, fitar da shi waje ka hure da bulowa, kana riƙe da fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Ɗaga ƙarfen sanyayar, ka goge tsohon man da ya bushe a kan firosesa, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Wajen mayarwa ka kula, ƙarfen irin wannan firosesar ƙafafun roba huɗu gare shi da ake dannawa, kuma ƙafa ɗaya in ba ta shige ba ƙarfen zai zauna a karkace, zafi ya dawo. Ka kuma fitar da kwamfutar daga cikin durowar talabijin in a can ka rufe ta. Wannan gyaran zai rage bambancin rana da dare, kuma wajibi ne ka yi shi ko me ka yanke daga baya, amma ba zai koya wa katin HEVC ba.

To mene ne mafita? Wadda ba ta cin ko sisi ita ce ka riƙa neman x264 a wurin mai tura maka. Fayil zai fi girma, kwamfutarka kuma za ta cinye shi ba tari. HEVC mai 720p ma sau da yawa E8400 tana iya ja. Finafinan da ka riga ka tara kuma kake ji da su, manhajar HandBrake za ta juya maka su zuwa H.264, ka zaɓi saitin Fast 1080p30. A kan firosesarka aikin awoyi ne masu yawa a fim guda, sai daren da kake da tabbacin wuta.

In za ka kashe kuɗi a kan kati, GT 1030 za ka nema, wanda ya fito a 2017. Ya san HEVC har mai 10-bit, ya san VP9 da YouTube ke amfani da ita, wutar da yake sha ba ta wuce wat 30 ba, ba ya buƙatar wata waya daga fawa, wato akwatin wutar kwamfuta, kuma ramin da GT 710 yake ciki nan zai zauna. GTX 950 da 960 da 1050 su ma sun iya. GTX 750 Ti kuwa, duk farin jininsa a wurin masu gem, bai da cikakken sashen HEVC, kada sunan ya ruɗe ka. Ka tafi shago da ɗaya daga cikin finafinan nan a filas, a sa katin a kunna a gabanka, ka ga Video Decode ya motsa, sannan ka biya.

Amma da ni ne, kafin in sayi katin sai na tambayi kuɗin ƙananan kwamfutocin ofis na hannu, irin su Dell OptiPlex da HP da Lenovo, masu firosesar Intel zuriya ta 7 zuwa sama, kamar i3-7100 ko i5-7500. A irin waɗannan, lambar farko bayan layin ita ce zuriyar. Daga ta 7 ne Intel ta iya HEVC mai 10-bit cikakke ba tare da wani kati ba, ta 6 a 8-bit ta tsaya. In tazarar kuɗin ba ta da yawa, ita ce ta fi, domin bod ɗin E8400, wato babban allon da take zaune a kai, ya tsufa, kuma ƙaramar ba ta shan wuta sosai, abin da mai inbata ko sola zai gode wa. Na san akwai zafi mutum ya ajiye abin da ya haɗa da hannunsa, faifan ajiyarka dai zai bi ka. Ka kuma sani Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar da kallo kawai za ta yi, LibreELEC ya ishe ta, ɗan ƙaramin tsari ne na Linux da ke buɗewa kai tsaye cikin manhajar kallo ta Kodi, kuma da kayan Intel ya fi jituwa.

Abu biyu za su iya cije maka ko bayan ka canza. AV1, sabuwar hanyar matsewa ta 2018, GT 1030 bai san ta ba, Intel ma sai daga zuriya ta 11. Sai H.264 mai 10-bit, wadda aka fi samu a zanen katun na Japan, ita kusan duk katunan kwamfuta firosesa suke bar wa. In ka ci karo da su, Ctrl da J zai gaya maka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ɗana ne ya haɗa mana kwamfutar kallo, Core i5-8400 da ram 16GB, muna amfani da Kodi. Fim ba ya tsayawa, murya da baki suna tafiya tare. Amma duk sanda kyamara ta juya a hankali, ko rubutun ƙarshen fim yana hawa, sai in ga hoton yana ɗan ɗingishi. Yaran sun ce idona ne. Ɗan nawa ya duba ya ce firosesa ko kashi 10 ba ta kai ba. Shin talabijin ɗin ce ta lalace?

Daga wata malamar makaranta a Kaduna

AMSA: Barka kadai, Malama. Idonki lafiyarsa ƙalau, ki faɗa wa yaran. Talabijin ɗin ma ba ta lalace ba, ɗanki kuma gaskiya ya faɗa, kwamfutar ba ta wahala. Matsalarki ta bambanta da ta mai tambayar farko, a nan babu hoton da ake zubarwa, rabon lokaci ne bai yi daidai ba.

Finafinan silima hoto 24 suke da shi a sakan. Kwamfuta kuwa in aka jona ta da talabijin, galibi sau 60 take sabunta fuskar a sakan, abin da za ki ga an rubuta 60Hz. Ki raba 60 gida 24, biyu da rabi za ki samu, kuma ba a nuna rabin hoto. Sai kwamfuta ta nuna hoto na farko sau uku, na biyu sau biyu, na uku sau uku, haka har fim ya ƙare. Wani hoton yana zama kashi 50 cikin dubu na sakan, na bayansa kashi 33. In mutane suna zaune suna hira ba za a lura ba. Da kyamara ta fara tafiya a hankali, dogon taku da gajeren taku sai su bayyana, shi ne ɗingishin da kike gani. Wasu idanun ba sa kama shi, wasu kuma in sun kama sau ɗaya sun dinga gani ke nan.

Abin da aka ɗauka don talabijin ɗin ƙasashenmu ma bai tsira ba. Najeriya da Nijar da Gana tsarin hoto 25 ko 50 suke bi, daidai da wutar lantarkinmu mai 50Hz, Amurka ce ke kan 60. Hoto 25 a kan 60 shi ma ba ya rabuwa daidai, shi ya sa wasan ƙwallon da aka naɗa daga tauraron ɗan'adam yake fizga a kwamfuta alhali a dikoda sumul yake.

Maganin a cikin Kodi yake, kuma kyauta ne. Ɗanki ya shiga Settings, Player, Videos, ya ɗaga matakin saitin da ke ƙasa a hagu zuwa Expert, ya nemo Adjust display refresh rate ya sa shi a On start/stop. Daga nan duk fim ɗin da aka kunna, Kodi zai umarci talabijin ta koma gudun fim ɗin, 24 ga mai 24, 50 ga mai 25. Fuskar za ta yi baƙi na sakan ɗaya ko biyu a farkon fim da ƙarshensa, kada ki tsorata, canjin ne. In bai canza ba, ya shiga System, Display, Whitelist, ya zaɓi 1920x1080 a kan 23.98 da 24 da 50 da 59.94 da 60, in talabijin ɗin 4K ce ya haɗa da na 3840x2160.

Ya kula da 23.98 ɗin nan, kada ya bar ta don ya ga 24. Yawancin finafinan da ke yawo a fayil ba 24 cif suke ba, 23.976 ne, gadon da aka ci daga 1953, lokacin da Amurka ta ɗan rage gudun talabijin ɗinta don ta shigar da launi. In aka nuna mai 23.976 a kan 24 cif, hoto zai tafi sumul, sannan kusan kowane sakan 42 ya yi fizga guda. Wanda ya ga fizga ɗaya tak da ke dawowa a kan lokaci kamar agogo, nan zai duba. A saitin Windows 23Hz ake rubuta wa 23.976.

Akwai ƙananan talabijin da ba sa karɓar 24 sam. In taku tana cikinsu, 50 dai za ta karɓa, shirye-shiryen gida da ƙwallo za su gyaru, finafinan silima kuma sai a bar su a 60. Wasu za su ce a kunna saitin santsin motsi na talabijin, wanda LG ke kira TruMotion, Samsung Auto Motion Plus, Sony kuma Motionflow. Yana ɓoye ɗingishin ta hanyar ƙirƙiro hotunan da babu su a fim ɗin, a cusa a tsakani. Ni ban son shi a fim, yana mayar da aikin silima kamar an ɗauka da kyamarar biki, kuma za ki ga gefen mutum yana rawa in ya motsa da sauri. A ƙwallo yana da amfani. Ki gwada da shi da babu shi, tunda idonki ya fi na kowa kaifi a gidan, ke za ki yanke.

TAMBAYA: Salam Malam. Finafinaina suna kan kwamfutar ɗakina, ina jawo su ta wayfay zuwa wadda na haɗa a falo. Ƙananan suna yi. Manyan, masu 25GB zuwa 30GB, sai su yi minti ɗaya ko biyu lafiya, su tsaya cak, hoto da murya duka, wani zobe yana juyawa, sannan su ci gaba. Katina GTX 1050 ne.

Daga wani ɗalibi a Maraɗi

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Katinka ba shi da laifi. Ka lura da abin da ka rubuta, hoto da murya tare suke tsayawa. Firosesa in ta gaza, murya wucewa take ta bar hoto. In duka biyun suka tsaya kuma suka tashi tare, fayil ɗin ne bai iso da wuri ba.

Yi lissafin da kanka. Fim mai 30GB na awa biyu, ka mayar da shi megabait 30,000, ka ninka sau 8 ya zama megabit, ka raba da sakan 7,200. Za ka samu kusan megabit 33 a kowane sakan, kuma wannan matsakaici ne, wurin faɗa ko ruwan sama ko taron jama'a yana haurawa, faifan Blu-ray an yarda bidiyonsa ya kai 40. Ƙaramin wayfay mai eriya ɗaya a kan 2.4GHz, abin da yake rubutawa 72 ne, abin da yake bayarwa a zahiri wajen rabin haka, in babu bango a tsakani. Naka kuma hanya biyu yake bi ta iska, daga ɗakinka zuwa rawuta, daga rawuta zuwa falo, ga bangon bulo, ga wayoyin 'yan gida duk a kai. Ɗan abin da manhaja ta tara kafin ta fara shi ne minti ɗaya ko biyun da kake samu, yana ƙarewa sai zobe.

Gwajin mai sauƙi ne. Kwafo fim ɗin zuwa faifan kwamfutar falo ka kunna daga can. In ya tafi, hanya ce. Ja wayar intanet irin Cat5e ko Cat6 daga kowace kwamfuta zuwa rawuta, tana kai mita 100 ba ta rasa ƙarfi. Ko tsohon rami mai megabit 100 ya ishi 1080p, sai in ka koma manyan fayilolin 4K ne za ka buƙaci na gigabit. In jan waya biyu ba zai yiwu ba, ja ɗaya, ɗayar kwamfutar ka mayar da ita 5GHz in rawutar tana da shi kuma bangon bai yi yawa ba. Wayar da za ta bi ta tsakar gida ka sa ta cikin bututu, rana tana cin robar.

In kuwa ka kwafo ya ci gaba da tsayawa, ko kwafin kansa yana tafiya yana maƙalewa, to ka tuhumi faifan ajiya. Ɗaukewar wuta ba zato tana raunata faifai, kuma in kansa ya iso wurin da ya lalace sai ya tsaya yana sake karantawa, fim yana jira. Sauke CrystalDiskInfo ka duba faifan kwamfutocin biyu. Shuɗi da Good lafiya ne. In ka ga rawaya da Caution, ko kana jin faifan yana ƙas-ƙas, bar batun fim, ka fara kwashe takardun karatunka da hotunan gida zuwa wani wuri a ranar, kuma sabon faifan da za ka saya ka haɗa masa da UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ko da ƙarami ne. Faifan waje mai USB kuma ka jona shi a ramukan bayan kwamfuta da gajeriyar waya, na gaba sau da yawa wutarsu ba ta isarsa.